Rigar Kariya Ba Ta Wanke Jini

Wata Juma'a da ta gabata, bayan an sauko daga masallaci a nan Wudil, ina tsaye da jaridu a hannu kusa da hanyar kara, sai wani dattijo mai harkar shanu ya karɓi ɗaya, ya duba kanun labarai, ya girgiza kai. Ya ce da ni, "Yaro, ku daina wahalar da kanku. Babban mutum ba ya shiga kotu a ƙasar nan. Suna da rigar kariya." Na ce, "Baba, wace riga ke nan, kuma wa ya ɗinka ta?" Ya yi dariya ya ce shi dai haka ya ji ana faɗa a rediyo, ya biya kuɗinsa ya nufi kasuwa.

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba. An cusa wa talakan ƙasar nan cewa duk wanda ya hau kujera, ko ya rataya anini a kafaɗa, to doka ta ɗauke masa alƙalami, ko da kuwa ya zubar da jinin gari guda. Wannan fahimta ita ce babbar garkuwar azzalumai, ta ma fi wadda ke rubuce a takarda ƙarfi. Don haka na ga ya dace mu zauna mu duba rigar nan da kyau, mu ga tsawonta da faɗinta, mu ga wa ta rufe, wa kuma ta bari a fili.

Abin da ake kira rigar kariya yana cikin sashe na 308 na tsarin mulkin 1999. Ya ce ba za a kai ƙara ba, ta laifi ko ta haƙƙi, ba kuma za a kama ko a tsare wasu mutane ba muddin suna kan mulki. Su waye? Shugaban ƙasa da mataimakinsa, gwamnoni 36 da mataimakansu 36. Ka haɗa lissafi, mutum 74 ke nan a cikin ƙasa mai mutane sama da miliyan 200. Babu minista a ciki, babu sanata, babu kwamishina, babu janar ɗin soja, babu sufeton 'yan sanda. Su ma mutum 74 ɗin, aro aka ba su. Ranar da wa'adi ya cika rigar ta koma wajen mai ita, sashen ma ya ƙara da cewa shekarun da mutum ya yi a ofis ba za a lissafa su ba wajen cewa lokacin shigar da ƙara ya wuce. Bayan haka, a shekarar 2002, a shari'ar da marigayi Gani Fawehinmi ya kai sufeto janar na 'yan sanda, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa ana iya binciken gwamna yana kan kujera, a tara shaidu a ajiye, gurfanarwa ce kawai za ta jira.

Kuma mun ga an tuɓe rigar. A 2018 kotu a Abuja ta ɗaure tsohon gwamnan Taraba Jolly Nyame da tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye, kowanne a kan kuɗin jama'a, ko da yake an yi musu afuwa a 2022. James Ibori na Delta a Landan aka ɗaure shi a 2012. To ga tambayar da nake so mai karatu ya riƙe: in ana iya kai tsohon gwamna kotu saboda naira, me ya sa ba mu taɓa ganin an kai wani babba kotu saboda ran talakawan da aka kashe da sunan hukuma ba? Wai shin naira ta fi jini daraja ne?

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Zariya ce, daga 12 zuwa 14 ga Disambar 2015. Abin ya faro ne daga tare hanya a lokacin da ayarin babban hafsan sojan ƙasa na wancan lokaci, Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, zai wuce. Abin da ya biyo baya ba ni zan faɗa da bakina ba, don kada a ce son rai ne. Gwamnatin Jihar Kaduna da kanta ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba. A watan Afrilun 2016 sakataren gwamnatin jihar ya tsaya gaban wannan hukuma ya shaida cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando. Gawa 347, ya ɗan uwa, maza da mata da yara, babu wanka, babu sanin wane ne wane, babu iyalin da aka kira ya zo ya ga nasa. Rahoton hukumar da ya fito a 2016 ya ce sojoji sun yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da waɗanda ke da hannu.

Gaskiya ɗaya ce, rahoton ya zargi masu tare hanyar su ma, ya kuma ce soja ɗaya ya rasa ransa. Ba mu ɓoye wannan ba, ran sojan nan ma rai ne, yana da uwa yana da dangi. Amma a wace doka ce aka rubuta cewa hukuncin tare hanya shi ne kwana uku ana harbi? Kuma duba yadda aka raba shari'ar. Saboda ran soja ɗaya an gurfanar da mutane masu yawa, suka yi shekaru a kurkuku kafin kotuna su sallame su. Shaikh Ibrahim Zakzaky da mai ɗakinsa, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce a sake su tun Disambar 2016, aka yi biris da umarnin, sai a ranar 28 ga Yulin 2021 Babbar Kotun Kaduna ta wanke su. Saboda rai 347 kuwa, daga 2016 zuwa yau, ko kurtu ɗaya ba a tsayar gaban alƙali ba.

To ina sashe na 308 a nan? Babu shi. Ba wanda ya riƙe bindiga a ranakun nan da wannan sashe ya ambata. Waɗanda ke kan kujerun da sashen ya rufe a Abuja da Kaduna a 2015 kuwa duk sun sauka zuwa 2023. Kisan kai laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, kuma ba ya ruɓewa da daɗewa. Ashe ke nan rigar da ke hana shari'a ba wadda aka rubuta ba ce, wata ce daban da ba a gani.

Ita wannan ta biyun da zare iri iri aka saƙa ta. Na farko, ikon shigar da ƙarar laifi da ikon janye ta yana hannun antoni janar, shi kuwa ɗan majalisar zartarwa ne, wanda ake zargi ko ubangidansa ne ya naɗa shi. Kura ce za ta kai ƙarar kura? Na biyu, akwai wata tsohuwar doka tun ta zamanin Turawa mai kare ma'aikatan hukuma, wadda ta ce in za ka kai ma'aikaci ƙarar neman haƙƙi a kan abin da ya yi a bakin aiki, to ka yi cikin wata uku. Matar da aka kashe wa miji, ko takaba ba ta gama ba an rufe mata ƙofa. Na uku, kuma shi ne mafi muni, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Rum wadda ta kafa Kotun Manyan Laifuka ta Duniya tun watan Satumbar 2001. Yarjejeniyar ta ce a sashenta na 27 muƙami ba ya kare kowa, ko shugaban ƙasa ne. Amma sashe na 12 na tsarin mulkinmu ya ce yarjejeniyar waje ba ta aiki a kotunanmu sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. An sha kai ƙudurin majalisa yana mutuwa a can. Sakamakon haka, laifin da duniya ke kira cin zarafin bil'adama, wato kisan gilla ga farar hula da tsari da shiri, ba shi da suna a littafin dokokinmu. Haka nan ƙa'idar da ta ce kwamanda yana ɗaukar alhakin abin da yaransa suka yi in ya sani bai hana ba. A waje a sa hannu a sha tafi, a gida a bar takarda a aljihun tebur.

Shi ya sa in abin ya yi yawa sai a biya diyya daga baitulmali a rufe bakin mutane. Garin Odi a Bayelsa da sojoji suka rusa a Nuwambar 1999, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su naira biliyan 37.6 a 2013. Kuɗin waye? Kuɗin talaka. Wanda ya ba da umarni yana gidansa yana shan iska. Zaki Biyam a Binuwai a 2001, nan ma haka.

A 2021, da aka sauke manyan hafsoshin soja aka naɗa su jakadu, aka tura Janar Buratai Jamhuriyar Benin, mutane da yawa suka ce ai shi ke nan an ɗinka musu riga. Wannan ma kuskure ne. Kariyar jakada tana aiki ne a kotunan ƙasar da aka tura shi, ba ta aiki a kotunan ƙasarsa. Ban ce wane ya yi laifi ba, wannan aikin alƙali ne. Abin da nake cewa shi ne ba wata doka da ta hana alƙali ya tambaya.

Wasu 'yan uwa sun kafa ido a birnin Hague suna jira. Ina ba su haƙuri. A Disambar 2020 mai gabatar da ƙara ta kotun, Fatou Bensouda, ta ce bayan shekara goma ana nazari akwai hujjar yarda cewa Boko Haram da kuma jami'an tsaron Nijeriya sun aikata laifukan yaƙi da na cin zarafin bil'adama. Daga nan kuma fa? Ko mutum ɗaya ba a gurfanar ba. Ita kanta kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, sai ƙasashe sun kama sun miƙa mata. Umar al-Bashir na Sudan ya zo Abuja a Yulin 2013 da sammaci a kansa, aka shimfiɗa masa jar darduma, sai da ƙungiyoyin farar hula suka garzaya kotu sannan ya tattara ya bar ƙasar. Manyan ƙasashe kuwa, kowa da irin mudun da yake auna wa nasa. Da kotun ta fitar da sammacin Putin a 2023 Turawan Yamma suka yi ta jinjina. Da ta fitar da na Netanyahu a Nuwambar 2024 saboda Gaza, sai ga Faransa ta tuna cewa wai yana da kariya, Amurka kuma ta ƙaƙaba wa alƙalan kotun takunkumi a 2025. Shugabannin Afirka su ma ba a bar su a baya ba, a Malabo a 2014 suka rubuta wa kansu cewa kotun Afirka da suke shirin kafawa ba za ta taɓa shugaba mai ci ba. Wanda ya jira adalci daga wannan kasuwa zai daɗe a tsaye.

To ina mafita? Ku bi titin nan da ya ratsa gadar Wudil ya yi gabas, ta Maiduguri da Gamborun Ngala, zai kai ku Injamena. Daga wannan yanki ne wasu shanun da ke cika karar nan tamu ran Juma'a suke fitowa, kuma a can ne aka yi wani abin da ya kamata kowane mai neman haƙƙi ya haddace.

Hissène Habré ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, da goyon bayan Amurka da Faransa saboda yana faɗa da Gaddafi. Yana da 'yan sandan ciki da ake kira DDS. Har wani wurin wanka na Turawa suka rufe da siminti suka mayar da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Hukumar bincike ta Chadi ta ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 aka kashe a zamaninsa. Da Idris Debi ya kore shi a Disambar 1990 sai ya kwashi dukiya ya tare a Dakar, ya yi gida, ya yi abokai cikin manya, yana zaune lafiya. Duk wanda ya gan shi a lokacin zai faɗi abin da Baba mai shanu ya faɗa mini.

Amma akwai wani ma'aikaci mai suna Souleymane Guengueng, wanda ya kusa mutuwa a kurkukun Habré, ya kuma yi alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa cewa in ya fita da rai sai ya nemi haƙƙin waɗanda suka mutu a gabansa. Ba shi da bindiga, ba shi da jam'iyya. Abin da ya yi shi ne bi gida gida yana rubuta suna, da rana, da wuri, da abin da aka yi wa mutum, har ya tara bayanan mutane ɗaruruwa ya ɓoye. A shekarar 2000 suka kai ƙara Dakar, alƙali ya tuhumi Habré, amma manyan kotunan Senegal suka ce ba su da hurumi domin laifukan ba su cikin dokar ƙasarsu. Ka ji irin ramin da muke ciki yau a Nijeriya. Ba su karaya ba. A 2001 aka gano takardun DDS zube a tsohon ofishinsu, da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare, rubuce da hannun ma'aikatan Habré. A wannan shekara aka jefa wa lauyarsu Jacqueline Moudeina gurneti a Injamena, ta ji rauni, ta warke, ta ci gaba. Suka tafi Beljiyam, Beljiyam ta kai Senegal gaban Kotun Duniya mai shari'a tsakanin ƙasashe, a Yulin 2012 kotun ta ce wa Senegal ko ta yi masa shari'a ko ta miƙa shi. Kafin nan Senegal ta riga ta gyara dokokinta a 2007 da tsarin mulkinta a 2008. Aka kafa zaure na musamman a cikin kotunan Senegal tare da Tarayyar Afirka. Ranar 20 ga Yulin 2015 aka fara shari'a, Habré ya yi ta tirjiya sai da aka ɗauko shi da ƙarfi, ya naɗe fuska da rawani ya ƙi magana. Matan da aka ci zarafinsu suka tsaya gabansa ido da ido suka ba da shaida. Ranar 30 ga Mayun 2016, alƙali ɗan Burkina Faso ya yanke masa ɗaurin rai da rai. Yana cikin wannan hukunci ya mutu a Agustan 2021.

Shekara 25 da 'yan watanni daga faɗuwarsa zuwa hukunci. Da yawa daga cikin masu ƙara sun rasu ba su ga ranar ba, diyyar da kotu ta yanke kuma an bar su suna ta jiranta shekara da shekaru. Ban kawo labarin don in ce komai ya yi daɗi ba. Na kawo shi ne don a ga cewa alƙalan Afirka, a ƙasar Afirka, sun ɗaure tsohon shugaban ƙasa, kuma abin da ya ɗaure shi takarda ce da talaka ya rubuta ya adana.

Gini ma ta yi nata a cikin gida. Kyaftin Musa Dadis Kamara, wanda a zamaninsa sojoji suka kashe sama da mutum 150 a filin wasa na Konakiri ranar 28 ga Satumbar 2009, kotun ƙasarsa ta ɗaure shi shekara 20 a Yulin 2024. Sai dai kash, a Maris ɗin 2025 sojan da ke mulki ya yi masa afuwa. Afuwa ma wata riga ce da ake ɗinkawa bayan shari'a, kuma mai mulki ba shi da hurumin yafe jinin da ba nasa ba.

Masu kare sashe na 308 suna cewa in babu shi 'yan adawa za su hana shugaba aiki da ƙararraki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, mun san halin 'yan siyasarmu. To a bar musu kariya daga ƙarar bashi da ta ɓata suna har su sauka. Amma a ce mutum ana tuhumarsa da kisan jama'a, sai a jira shekara huɗu ko takwas, shaidu su mutu, kaburbura su baje, takardu su ɓace? A Islamiyya malamanmu sun karantar da mu labarin Sayyidina Ali, Allah Ya ƙara masa yarda, yana Halifa, ya yi jayayya da wani mutum wanda ba Musulmi ba a kan sulke, ya tafi gaban alƙali Shuraihu kamar kowa, aka nemi shaidu, hujjarsa ba ta cika ba, aka yanke hukunci bai yi nasara ba, ya karɓa. Daular da yake jagoranta ta fi jihar kowane gwamna faɗi, kuma zuwa kotun bai hana shi aiki ba. Ban san dalilin da zai sa mu da muka gaji wannan tarihi mu yarda cewa wani ya fi ƙarfin tambaya ba.

Ina da magana ta musamman ga samarin da ke Makarantar Horar da Manyan 'Yan Sanda a nan Wudil, waɗanda muke haɗuwa da wasunsu a sahun Juma'a. Ya 'yan uwana, ku sani cewa dokar hana azabtarwa ta 2017 ta faɗa a fili cewa umarnin na gaba ba hujja ba ne, hukuncinta kuma yana kaiwa shekara 25. Ku tuna matasa shida na Apo da 'yan sanda suka kashe a Abuja a 2005. Bayan shekara 12 ana shari'a, a 2017 ƙananan 'yan sanda biyu aka yanke wa hukuncin kisa, babban jami'in da aka gurfanar tare da su kotu ta sallame shi. Ranar da za a ce maka ka harba cikin taron da ba su da makami, wanda ya faɗa maka da baki zai faɗa, ba zai rubuta ba. Hannun da ke kan kunamar bindiga naka ne, kuma ba ka cikin mutum 74.

Sauranmu kuma, akwai aikin da ba ya bukatar izinin kowa. Duk gidan da aka rasa wani a hannun jami'ai, a Zariya ne ko a Barno ko a ƙauyukan Zamfara, a samu littafi a rubuta cikakken sunansa, da shekarunsa, da ranar, da wurin, da waɗanda suka gani da idonsu tun suna da rai. A ajiye hoto, a ajiye takardar asibiti, a yi kwafi a kai wani gari. Sannan mu mutanen Wudil da Garko muna da ɗan majalisar wakilai, muna da sanatan Kano ta Kudu. Za su zo neman ƙuri'a da buhunan shinkafa da atamfa. A karɓe su da mutunci, a zaunar da su, a tambaye su ina ƙudurin da zai shigar da yarjejeniyar Rum cikin dokar Nijeriya ya kwana tun 2001, kuma wane mataki suka ɗauka a kan rahoton Mai Shari'a Garba. Ni dai na yi wa Baba mai shanu alkawarin zan ajiye masa kwafin wannan fitowa, in Allah Ya kai mu Juma'a mai zuwa zan same shi a kara in karanta masa sashe na 308 daga farko har ƙarshe.